Billenmu a Hagu Yake

Ni ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba aka kai ni ɗaki. Abin da na iya karantawa shi ne fuskar mutum. A lokacin ƙuruciyata in ka shiga kasuwar Gummi ba sai ka tambayi kowa daga ina ya fito ba. Ga Bagobiri, ga Bakabe, ga Bazamfare, ga Dakarkarin da suka gangaro da dawa, kowa da tsagar gidansu a kuncinsa. Ka san wanda za ka ja da wasa, ka san wanda za ka rusuna wa, in kuma wani ya cuce ka ka san garin da za ka kai ƙara.

Tsagarmu zube ce a kunci biyu, daga gindin kunne zuwa gefen baki, sai bille guda ɗaya, gajere, kusa da hanci ta hagu. Zuben muna tarayya da sauran Zamfarawa. Billen kuwa na gidan kakana ne a Anka, ba wanda ke yin sa sai mu. Shi kakan nawa an ɗauke shi yana yaro a wani hari, aka yi nisa da shi. Bayan shekaru wani falke ɗan Anka ya gan shi a wata kasuwa da ƙunshin itace a ka, ya tsaya ya dubi fuskarsa, ya ce wannan ai ɗan gidan wane ne. Da haka ya dawo gida. Da ba a tsaga shi ba da babu ubana, babu ni. Mijina, Allah ya jiƙansa, ɗan wan ubana ne, don haka tsagarmu ɗaya, ita ce kuma a fuskar 'ya'yanmu. Neman fadama ne ya fito da mu daga Anka zuwa wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum, a nan na tsufa, a nan na zama ungozoma. Ni ke yanke cibi, ni ke binne mabiyiya, ni ke riƙe jariri a cinya ranar da wanzami zai yi aikinsa.

Bayan babban fari mutane suka riƙa gangarowa daga arewa, daga ƙasar da muke ce wa Faransa, wadda yaran yanzu ke ce wa Nijar. Adarawa ne da Buzaye, wasu da jaki ɗaya, wasu da ƙwarya kawai. Mai unguwa ya ba su wuri a bayan gari, wajen tsohon karofi, inda ake rini a da. Ban taɓa hana su tuwo ba. Wanda yunwa ta koro a ba shi abinci, a ba shi wurin shimfiɗa, a yi masa sallah in ya mutu. Amma ra'ayina tun ran nan bai sauya ba: baƙo ya san shi baƙo ne, ɗan gari ya san shi ɗan gari ne, a haka ake zaman lafiya. Fulanin rugar da ke gabas da mu tun kafin a haife ni suke nan. Muna sayen nononsu, suna kwana da shanu a gonakinmu bayan girbi, muna zuwa sunansu suna zuwa namu. Ko sau ɗaya ban ji sun ce su Zamfarawa ne ba, mu ma ba mu ce mu Fulani ne ba, kuma ba wanda hakan ya rage wa daraja.

Cikin waɗanda suka zo daga baya akwai wata yarinya Ba'adara da mijinta. Shi yana ƙwadago a gonakin shinkafa, ita kuma ta shigo gidana neman aikin daka. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, hannunta yana da tsabta. Na gwada ta kamar yadda nake gwada kowa: na bar ƙwaryar gyaɗa a buɗe na fita, na dawo na tarar ta rufe ta da faifai don kaji. Daga nan na riƙe ta. Shekara biyar muna turara shinkafa tare, muna sussuka a turmi ɗaya, ita ta can ni ta nan, taɓaryata na sauka tata na tashi. Inna take ce mini. Ni kuma ina ce mata 'yar nan.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya yi boko har ya zama malamin gona a Sakkwato. Da matarsa ta tashi haihuwar fari ya kawo ta wurina, ta haifi mace. Ranar suna, bayan an shafa fatiha an raba goro, wanzamin garinmu ya shigo cikin gida da zabirarsa. Tsoho ne, tare muka tsufa a aikin nan, ba ma raga wa juna. Na zauna a tabarma na kwantar da jaririyar a cinyata. Ya yi mata aski. Ya zaro ƙaramar askar tsaga yana goga ta a tafin hannu, sai ga ɗana tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, a tsaya nan. Aski ya isa."

Wanzami ya dube shi, ya dube ni. "Tsohuwa, kin ji abin da aka ce? Ko kunnen ya bi haƙoran?"

"Yi aikinka," na ce.

"Inna, ba za a yanka mata fuska ba," in ji ɗana. Bai ɗaga murya ba. "Zamani ya wuce wanga abu. Yanzu ƙasa ɗaya ce. Ofishinmu akwai Bayarabe, akwai mutumin Jos, akwai Ibo, duk aiki ɗaya muke yi. In ta girma ta tafi makaranta wani gari dariya za a yi mata."

"In ta ɓata fa?"

"Za a yi mata takardar haihuwa."

"Takarda? Wadda gara ke ci a cikin akwati?"

Mata sun cika tsakar gida. Uwa ba ta sa-in-sa da ɗan fari a gaban mutane, ni kuma ba zan fara ba da tsufana. Na miƙa jaririyar ga uwarta. Wanzami ya mayar da aska cikin zabira yana girgiza kai.

"To malam, kai ne uba. Amma rabona na rago yana nan yadda yake, ko na yanka ko ban yanka ba."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Da na ɗaga kai na ga Ba'adara tsaye wajen murhu da ludayi a hannu, cikinta ya fito, tana kallon zabirar wanzami.

Ba a yi wata biyu ba rediyo ta fara cewa gwamnati ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adi su bar ƙasar. Maza suka riƙa taruwa wajen mai shayi suna saurare. Ni abin bai yi mini daɗi ba, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Mu muka san baƙinmu, mu muka ba su wuri. Wani da ke zaune a Ikko, wanda bai taɓa ganin karofinmu ba, shi zai gaya mana wane ne baƙo? Jiya sun ce mana kowa da kowa ɗaya ne, a daina tsaga, yau kuma suna neman a rarrabe mutane da takarda. A bayan gari tsoro ya shiga. Wasu suka ɗaure kaya suka kama hanya da kansu. Mijin Ba'adara kuwa tun kaka ya tafi Kurmi neman aiki, ba shi ba labarinsa.

Cikin wannan hali ta haihu, mace. Ni na karɓe ta a ɗakinsu na kara, ni na yanke cibi, ni na haƙa rami bayan ɗakin na binne mabiyiya. Rana ta biyar da safe, na gama yi mata wankan jego ina gasa wa jaririya cibi, ta ce:

"Inna, ina da roƙo."

"Faɗi."

"Jibi in wanzami ya zo, a yi wa wagga ɗiya irin taku."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Irin tamu mi?"

Ta ɗaga yatsa ta nuna fuskata.

"'Yar nan, zafin ruwan ne ya taɓa miki kai? Ubanta Ba'adare ne. A yi mata tasu."

"Tasu ita za ta sa a jefa ta a mota. In tana da taku ba mai taɓa ta, ni ma ba mai taɓa ni. Inna, can babu komai. Na binne uwata a hanya, na binne ƙannena biyu. Gidanmu ko bango bai rage ba."

"Allah ya jiƙansu. Amma tsaga ba riga ba ce da za a ara wa maƙwabci."

"Jikarki ba a yi mata ba. Ina tsaye na gani. Ku kun ajiye, ni ina so."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ci gaba da gasa cibi ban dube ta ba.

"Nan aka haife ta," ta ce. "Ke kika yanke, ke kika binne. In ba 'yar nan garin ba ce, 'yar ina ce?"

"Na yanke cibin 'ya'yan ruga sun fi ashirin, ba wanda uwarsa ta ce in ba shi billen kakana. Ki zauna, ki ci, ki sha, ba mai korar ki daga gidana. Amma fuskar ɗiyarki ba za ta faɗi ƙarya da hannuna ba."

Na aika wa wanzami cewa in ta roƙe shi kada ya yi. Ranar suna ya yi aski ya tafi. Wa'adin gwamnati ya zo ya wuce, ba wanda ya leƙo ƙauyenmu, na ce shi ke nan, magana ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba. Da ta yi arba'in, ranar kasuwar Bukkuyum, ta goya ɗiyar ta fita tun da sassafe. A kasuwar akwai wanzaman da ke zama gindin itace, baƙi ne su ma, ba su tambayar kowa ɗan wane ne. Da la'asar ta shigo gidana, ta durƙusa, ta kwance goyo ta ajiye mini jaririyar a gaba. Kuncin ya kumbura, an shafe shi da baƙin tukunya. Zube ne a kunci biyu, an ja shi da kyau, ba zan ɓata wa mai aikin ba. Ga bille kuma kusa da hanci.

A dama.

Nan take na gane yadda aka yi. Shekara biyar tana tsaye gabana a bakin turmi, fuska da fuska. Duk sanda ta ɗaga kai, billena yana ta wajen hannunta na dama. Da wanzamin ya tambaye ta wane ɓangare, sai ta ɗaga hannun dama ta taɓa nata kuncin.

"Sata kika yi," na ce mata.

"Na sani, Inna."

"Fita mini daga gida."

Ta ɗauki ɗiyarta ta fita. Maganar dama da hagu kuwa ban yi mata ba. Na gani, na haɗiye. A lokacin na gaya wa kaina cewa wanda ya yi sata ba a gyara masa kayan sata. Wanzamin garinmu ma ya gani bayan kwana biyu, ya zo yana dariya har da riƙe ciki.

"Tsohuwa, kin ga jikarki ta Bukkuyum? An sa mata takalmi ƙafa ba daidai ba."

"Rufe bakinka."

"Na rufe. Wa ya rage a garin nan da ya san hagu da dama ban da ni da ke? Bar ta ta ci arziki."

Wata uku ban bar ta ta taka gidana ba. Sai shinkafa ta zo, ga tulin aiki, 'yan matan da na ɗauka suna ƙona mini tukunya. Wata safiya na tarar da ita a bakin turmi ta riga ta fara, ɗiyar a bayanta. Ban ce ta shigo ba, ban ce ta fita ba. Na ɗauki taɓaryata.

A tsakar gidana yarinyar ta yi rarrafe, a nan ta fara tafiya, tana kama zanena tana miƙewa. In na dama fura sai ta zo ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Kaka take ce mini, ba ni na koya mata ba. Jikata ta Sakkwato sau ɗaya ake kawo ta a shekara, da sallah, fuska sumul kamar ƙwai, in na miƙa hannu sai ta ɓuya bayan uwarta, tsagata ke ba ta tsoro. Wannan kuwa sai ta hau cinyata ta riƙa bin zubena da yatsa. In na je kasuwa da ita mata su ce, "Inna, jikar taki ta yi wayo." Kullum amsata ɗaya ce: "Ɗiyar maƙwabta ce." Ban taɓa barin maganar ta wuce ba gyara. Amma ban taɓa ce wa uwar, 'yar nan, abin da kika dogara da shi a karkace yake ba.

Bayan shekara biyu, lokacin soja ne ke mulki, wani farin ya sake korowa mutane, rediyo ta sake cewa baƙi su fita. Wannan karon an zo. Labari ya riga su isowa da kwana ɗaya, don haka mafi yawan mutanen bayan gari suka shige daji, wasu suka fake a ruga wajen Fulani har ƙura ta lafa. An ce wa Ba'adara ta bi su. Ta ce ita ba inda za ta, ɗiyarta 'yar gari ce, fuskarta ta isa shaida.

Da hantsi aka aiko in zo ƙofar gidan mai unguwa. Na tarar da mutum biyu masu kaki a kan benci gindin ɗorawa, ɗaya yaro da littafi a cinya, ɗaya dattijo mai furfura, shi ma da zuben Zamfarawa a kuncinsa. Jama'a sun kewaye. Ba'adara na durƙushe. Yarinyar na ganina ta zare daga hannun uwarta ta rugo ta kama mini zane.

Dattijon ya gaishe ni da ladabi. "Sannu da fitowa, Inna. Ba za mu tsai da ke ba. Wagga baiwar Allah ta ce mijinta ɗan gidanku ne na Anka, ƙanen mai gidanki ta wajen uba, ya rasu ya bar ta da ciki. In haka ne ba ruwanmu da ita. An ce ke ce babba a gidan. Ɗiyar ta gidanku ce?"

Mai unguwa ya yi caraf. "Ai ranka ya daɗe fuska ta nuna. Dube su mana, kamar an tsaga kara. Tsohuwa ce, idon ya yi rauni, kada a wahalshe ta da tambaya."

"Idona lafiya lau," na ce.

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Ban san ta shirya wannan zance ba sai a wurin. Tsaga kaɗai ta sata a da, yanzu ta ƙirƙiro mutum ɗungum ta sa shi cikin zuriyar mijina, ta kashe shi, ta ba shi ɗiya. In na ce e, na yi shaidar zur a kan nasaba, gaban jama'a, da tsufana, ƙafata ɗaya a kabari. Gobe yarinyar ta girma a ce tana da gado a fadamarmu. Jibi a rasa wanda ya halatta ta aura da wanda ya haramta. Duk wannan ya zo mini a rai. Kuma duk lokacin ina jin ɗan hannunta yana jan zanena, tana cewa Kaka, Kaka, tana nuna mini hular mai kaki.

Na ce, "Billenmu a hagu yake."

Dattijon ya taso, ya durƙusa gaban yarinyar, ya kama haɓarta a hankali ya juya fuskar. Ya ɗaga kai ya dubi tawa. Ya daɗe a haka kafin ya miƙe.

"Inna," ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "da shiru kika yi ma da ya wadatar."

"Nan aka haife ta," na ce da ƙarfi. "Ni na yanke mata cibi. Mabiyiyarta na bayan karofi, in kuna so in nuna muku wurin."

"Uban fa?"

"Ba'adare ne."

"To," ya ce. Ya yi wa yaron alama, yaron ya rubuta.

Ba'adara ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta taso ta ɓamɓare yatsun ɗiyarta daga zanena ɗaya bayan ɗaya, ta goya ta.

An ba su kwana biyu. Motar da za ta kai su iyaka a Gummi take tsayawa, bakin kasuwa. Na daka dakuwa, na soya gyaɗa, na auna shinkafa, na ɗauko zanena mai kyau guda, na bi su. Na same ta zaune a kan ƙunshin kayanta cikin rana, yarinyar na barci a cinyarta. Na ajiye abin da na kawo. Ta dube shi ta kau da kai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da kika dawo daga Bukkuyum."

"Shekara biyu."

"E."

"Shekara biyu kina ba ta fura da hannunki, kina kallon kuncinta, kin san ba daidai yake ba."

Na tsuguna ina gyara ƙullin dakuwar.

"Ban ce ki yi mini ƙarya ba, Inna. Na san ki, ba ki yi. Ban ma zaci za a kira ki ba. Amma da kin ce mini 'yar nan, an yi kuskure, da shekaranjiya ina daji tare da sauran. Ga su can za su dawo ɗakunansu jibi. Ni kaɗai na zauna, don na ɗauka ina da abin riƙewa."

Na buɗe baki in ce na gaya miki tun ranar wanka kada ki yi. Maganar ta ƙi fita, don ba ita ta tambaye ni ba.

"Kuma can," ta ce, tana shafa kan yarinyar, "duk wanda ya gan ta zai ce Bazamfara ce. Wa zai yarda tasu ce?"

Yaron mota ya fara kira. Ta goya ɗiyar, ta ɗora kaya a ka. Shinkafar da dakuwar ta ɗauka. Zanen ta bar shi nan a ƙasa.

Mutanen bayan gari sun dawo daga daji kamar yadda ta faɗa, wasunsu har yau suna nan, 'ya'yansu sun yi aure a cikinmu. Matan gari suka yi wata guda suna gaishe ni a taƙaice. Haihuwa biyu aka yi ba a kira ni ba, ta uku ta zo da gardama aka aiko a guje. Ɗana ya zo daga Sakkwato ransa a ɓace.

"Inna, ke da ke kukan an bar tsaga. Ga wadda ta so ta har ta yi tafiyar yini don ta samu, kin sa an kore ta."

"Kai ka jefar, ita ta tsinta a ƙasa. Da kai da ita ba wanda ya san nauyinta."

"To yanzu wa ya ci riba?"

Na tashi na shiga ɗaki.

Har gobe in aka sake tsai da ni gindin ɗorawar nan aka yi mini tambayar nan, amsar da zan bayar ke nan. Zuriya ba a ƙara mata mutum da baki. Mutanen da suka daina sanin nasu da na wasu, wata rana za su nemi kansu su rasa, kuma ina ganin alamar hakan: yanzu in na shiga kasuwar Gummi fuskokin yara duk iri ɗaya ne, ɓarawo da ɗan malam ba ka rarrabewa, ka tambayi yaro gidan su wa ya faɗa maka sunan unguwa. A kan wannan ban yi nadama ba. Abin da ke cina shi ne shekara biyun nan. Kullum tana gabana a bakin turmi, kalma huɗu kawai zan faɗa, ban faɗa ba. Na ce wa kaina tsare gida nake yi. Da na zauna na duba da kyau, haushi ne. Na ji zafin cewa ta ga ranar da ɗana ya kunyata ni, ta kuma faɗa mini a fuska. Na riƙe kuskurenta kamar yadda ake ɓoye wuƙa a ƙarƙashin tabarma, ban san ranar da zan zaro ta ba sai da ranar ta zo.

Wanzami ya rasu shekara uku bayan haka. Ɗansa ya gaji zabirar, aski da kaciya da ƙaho kawai yake yi. Jikokina yanzu bakwai, ba mai bille ko ɗaya. A iya sanina, yarinya ta ƙarshe da aka yi wa tsagar gidan kakana ita ce wannan, ita ma a karkace.

Duk rani Buzaye na zuwa Gummi da raƙuma, suna kawo kanwa da gishiri su sayi gero. Na kan je in tsaya wajensu kamar mai taya kanwa, in tambaya ko sun ga wata yarinya a ƙasar Adar mai irin fuskata. Yawanci dariya suke yi, su ce Adar ai ba ƙauye ba ce. Sai wata shekara wani dogo, mai rawani har hanci, ya tsaya ya dube ni da kyau. Ya ce ya taɓa shayar da raƙuma a wata rijiya, kwana uku daga iyaka, ya ga yarinya kamar 'yar shekara shida tana jan guga, da zube irin nawa. Yara na tsokanar ta suna ce mata 'yar Zamfara.

"Da bille?"

"Da shi."

"Wane ɓangare?"

Ya yi tunani, ya ɗaga hannu ya taɓa rawaninsa ta hagu. Ita kuwa nata a dama yake. Sai kuma na tuna shi ma gaba da gaba ya tsaya da ita, kamar yadda uwarta ta tsaya da ni. Mai yiwuwa kuskuren nan dai ya sake yi. Na tambaye shi sau uku, ya ce Inna, yarinya ce a bakin rijiya, ban tsaya aunawa ba.

Na ce ya jira ni. Na koma gida na buɗe akwati na ɗauko zanen nan da aka bari a ƙasa, na ƙulla dakuwa a ciki, na kawo masa. Na ce in ya sake bi ta rijiyar ya ba ta.

"In ta ce daga wa?"

Na miƙa masa ƙullin.

"Ka ce daga wadda ta yanke mata cibi."